Baƙon Kwana Biyar

Sun ce kar in shafa turare.
Ni Lantana, da ko awo ba na fita sai da humra,
yau na fito da wankan ruwa zalla,
wai baƙon da za a sauke mini
ba ya shiri da ƙamshi,
shi da bai kai ƙwayar gero ba.

Sun ce in sha ruwa, kar in zaga.
Leda uku na shanye tun daga Ɗorayi,
mai adaidaita na faɗa wa kowane rami kamar da gayya,
ina dafe da mara, ina cije leɓe
har Titin Gidan Zu.

Sati uku ina haɗiyar ƙwaya,
ga allurar mai kullum bayan magariba,
har mazaunaina suka yi gudaji.
Likita ta auna shimfiɗar ciki, ta ce ta yi kauri,
kamar uwar gida na taɓa katifa
kafin isowar baƙo.

Hansatu na kan benci, carbi ya tsaya a hannunta.
Shekara shida da cire mata mahaifa,
daren da jini ya ƙi tsayawa.
Irin nasu ne, ita da mijinta.
Ni gonar aro ce.

Ɗakin da sanyi. Ba wuƙa, ba allurar barci.
Wata 'yar taga ta buɗe,
saurayi mai takunkumi ya kira sunan da ba nawa ba,
aka amsa daga bayana, murya na rawa.
Kwana biyar ya yi a faranti, suka daskarar da shi,
wata bakwai yana barci a tulun ƙanƙara,
yau da hantsi aka tashe shi.

Aka shafa mai sanyi a marata, aka danna,
na tuna da ledojin nan uku.
Roba siririya, taliyar hannu ta fi ta kauri.
"Kalli allon."
Na ga duhu, na ga kamar hadari a gabas,
sai ɗigon fari ya haska, ya tsaya.
Shi ke nan.
Dafa shayi ya fi shi ɗaukar lokaci.
Saurayin ya koma da robar, ya leƙa, ya ɗago:
"Babu komai a ciki, ya sauka."

Na ƙi tashi, na haɗe gwiwoyi.
Nas Rifkatu ta yi dariya:
"Je ki rage mararki, ba ta nan zai fita ba.
Riɗi ne a jikin kantu, ya riga ya manne."

Saura kwana goma sha biyu a ɗebi jini.
Ba wanda ya gaya mini nan ne aikin yake.
Keken ɗinkina na kallona, ina kallonsa,
an ce in taka, ƙafar ce ta ƙi.
Mara ta murɗa: shi ne, ko maganin?
Ɗigo ya fito ranar Laraba, launin ƙasa,
na zauna a bakin rijiya har la'asar.
Maƙwabciya ta ce na yi fari.
Na ce zazzaɓi ne.
Abin da na ji malamai na faɗa a rediyo
na ajiye shi tsakanina da Mai sama,
ba na barci da shi, ba na barci ba shi.

Hansatu na bugo waya sau uku a yini.
"Ya jiki?" take cewa,
mu duka mun san ba jikina take nufi ba.
Ta aiko kankana, ta aiko dabino,
ta aiko matashin kai sabo a leda.

In ya kama, wata tara zan yi
ina koyon yadda ake sakin hannu.
In bai kama ba,
wa za a je wa jaje, ni ko ita?

Asabar za mu koma.
Tuni suka ce in ci gaba da turarena,
amma kwalbar na nan bisa taga, a rufe,
kar ƙamshi ya kore shi.